Dokar sauyin yanayi: wa ya ce e, wa ya ce a'a?

Da yawa daga cikinmu mazauna Legas basu ma san Najeriya tana da dokar sauyin yanayi ba, kuma ni ban ga laifinsu ba, don ba a gabansu akayi ta ba. Amma dokar tana nan. Majalisar Wakilai ta amince da ita a watan Yulin 2021, ta Dattawa ta biyo baya a Oktoba, marigayi Shugaba Buhari ya sa mata hannu a Nuwamba, 'yan kwanaki bayan ya tsaya a Glasgow wajen taron sauyin yanayi na duniya, wato COP26, ya faɗa wa duniya cewa nan da 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa bazai wuce wanda dazuzzuka da sauran hanyoyi zasu iya shanyewa ba. Wanda ya ɗauki nauyin ƙudurin ɗan majalisa ne daga Abiya, Sam Onuigbo, kuma ya sha fama a kai, don majalisar da ta gabaci ta wancan lokacin ta taɓa amincewa da shi amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba, sai da aka sake sabon lale. Dokar ta kafa majalisar ƙasa ta sauyin yanayi wadda shugaban ƙasa da kansa yake jagoranta, ta ce a riƙa ƙayyade yawan hayaƙin da ƙasa zata fitar duk shekara biyar biyar, ta kafa asusu, ta kuma buɗe ƙofar sa harajin hayaƙi.

Ni dai ina goyon bayan wannan doka, in faɗa tun yanzu kar wani ya ɗauka ina cikin masu cewa sauyin yanayi maganar Turawa ce. Ai mu ba sai an kawo mana takarda daga Ingila ba. Ka shiga Idi-Araba ko Agege ko Alaba Rago ka zauna da matasan da ke kwana a shago da barandar masallaci ka tambaye su me ya kawo su, zaka ji mutumin Yobe yana ce maka rairayi ya cinye gonar babansa, na Baga ya ce maka ruwan da kakansa ke kamun kifi a ciki yanzu tafiyar yini ce kafin ka ganshi, na Haɗeja ya ce maka shekara biyu a jere ambaliya tana kwashe shinkafarsu ana gab da yanka. Tafkin Chadi ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari daga girmansa na shekarun 1960. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, a Satumban 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle ya shanye Maiduguri, a Mayun 2025 kuma Mokwa, garin da duk direban da ke ɗauko kayan gwari zuwa kasuwar Mile 12 ya sani kamar tafin hannunsa, ruwa ya tafi da mutum sama da 150 cikin dare ɗaya. Nan Legas ɗin da muka gudo ma ba tsira mukayi ba, kowa ya tuna ruwan farkon Yulin 2024 da ya tsayar da gari cak, motoci suka nutse a Iyana Oworo, mutane suna tafiya ruwa iya ƙugu. To wanda duk ya ga wannan bazai ce a zauna a naɗe hannu ba.

Abinda ke damuna shine yadda ake kaɗa ƙuri'a a kan irin waɗannan dokoki, da kuma wanda ake ɗora wa nauyin bayan an buga guduma.

Duk wanda ya taɓa kallon zaman majalisa a talabijin ya san yadda abun yake. Shugaban zama ya ce masu goyon baya su ce e, a yi ihu, ya ce waɗanda basu yarda ba su ce a'a, a sake yin ihu, wani lokacin ma ihun na biyun ya fi ƙarfi kowa yana ji, amma ya buga guduma ya ce masu e sunyi rinjaye, shikenan an wuce wajen. Sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, amma ba wanda za'a rubuta sunansa a ce wane ɗan mazaɓa kaza ga ɓangaren da ya tsaya. Haka ake wuce da kusan kowane ƙuduri. Kai a Maris 2025 ma da aka zo amincewa da dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, wadda tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu cikin uku, da murya akayi ta a majalisun biyu, dan Allah ta yaya kunne zai ƙirga kashi biyu cikin uku? Kuma ba wai basu iya ƙirgawa bane. A Yulin 2021 da rigima ta ɓarke a kan tura sakamakon zaɓe ta na'ura, sai da aka kira sanatoci ɗaya bayan ɗaya kowa ya miƙe ya faɗi matsayinsa, 52 suka tsaya gefe ɗaya 28 ɗaya gefen, washegari sunaye suka cika jaridu da Facebook, wasu sanatocin suka kwana suna yi wa mutanensu bayani, waɗanda suka zame basu zo ba ma sai da aka tone su. A Maris 2022 wajen gyaran tsarin mulki da na'ura suka kaɗa ƙuri'a. Ke nan kayan aikin suna nan, niyya ce babu.

A Mile 12 idan mutum goma suka haɗa kuɗi suka ɗauko tirelar tumatir daga Kano, akwai littafi, kowa da sunansa da yawan kwandunansa da alamar da ya sa a jiki, saboda in mota ta lalace a hanya kaya suka ruɓe a san wa zai ɗauki asarar nawa, ba wanda zai ce shi baya ciki. Abinda nake nema daga majalisa ke nan a kan duk ƙudurin da ya taɓa mai da wuta da gas da hayaƙi. Alƙawarin 2060 alƙawari ne na kusan shekara arba'in, yawancin waɗanda suka ce e ranar basa kan kujerar yanzu, kuma 'ya'yanmu ne zasu biya. Ƙaramin abinda ya kamata a bar mana shine sunayen waɗanda suka ɗaure mu da shi da abinda kowannensu ya faɗa.

Wani zai ce ai ko a ƙasashen da suka ci gaba ana yin haka. Gaskiya ne, kuma su ma sun ga sakamakon. A Birtaniya lokacin da suka yi babbar dokarsu ta sauyin yanayi a 2008 an ƙirga ƙuri'a, 'yan majalisa biyar kacal suka ƙi a karatu na biyu, kuma har yau ana iya duba sunayensu. Amma a Yunin 2019 da gwamnatin Theresa May ta ɗaga burin zuwa daidaita hayaƙin da suke fitarwa da wanda ake shanyewa gaba ɗaya nan da 2050, gajeriyar muhawara akayi aka wuce ba tare da ƙirga ƙuri'a ba. Ba'a cika shekara shida ba shugabar jam'iyyar ta May ɗin, Kemi Badenoch, wadda ma a nan Legas ta tashi, ta fito a Maris 2025 ta ce wannan buri bazai yiwu ba. Abinda ba'a tsaya an yi gardama a kansa an faɗa wa mutane kuɗinsa ba, ranar da kuɗin ya fara cizo kowa zai ce ba da shi akayi ba.

Mu kam ya riga ya fara cizo. Mutane suna tuna ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kamar maganar daga bakinsa kawai ta fito, amma majalisa ce ta yi dokar man fetur ta 2021 da ta ce kasuwa ce zata riƙa tsayar da farashi, kuma majalisa ce ta amince da kasafin 2023 da ya ware kuɗin tallafi zuwa watan Yuni kawai. Sun san ranar tana zuwa, wata da watanni a gabansu, me suka tanada? Litar da ke ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Sai bayan abu ya faru a watan Yuli aka kawo musu buƙatar biliyan 500 ta rage raɗaɗi suka amince, kuma a cikin wannan gyaran kasafin aka ware wa majalisar kanta biliyan 70. Wallahi wannan ya tsaya min a rai. Ban ce tallafin mai abu ne mai kyau ba, kowa ya san ɓarnar da ke cikinsa da yadda ake tsallakawa da man ƙetare, kuma masu maganar yanayi sun daɗe suna cewa a cire shi. Amma a cire a bar mutum tsirara ba motar haya mai sauƙi ba wuta ba komai, wannan ba gyara bane.

Akwai wani mai shayi a layinmu, dattijo ne mutumin Katsina, kowa Baba yake ce masa. Shekarun baya ya sayi ƙaramar tukunyar gas ya ajiye murhun gawayi, har yana yi wa sauran masu shayi wa'azi cewa gas ya fi tsafta, ƙwai baya ƙauri, ido baya yaji. Da kuɗin cika tukunya ya ninka ya sake ninkawa, sai na zo wata safiya na tarar da tukunyar a ƙarƙashin tebur an ɗora mata kwalin madara, shi kuma ya duƙa yana fifita gawayi da murfin bokiti, hayaƙi ya cika rumfar yana tari. Nace Baba an koma gidan jiya ke nan, ya ce ɗana to ya zanyi, in na sa kuɗin gas a kan kofin shayi wa zai saya, masu gadi da 'yan dako ne kwastomomina. Gawayin nan da yake fifitawa itace ne aka sare a wani daji a Neja ko Kwara ko Oyo aka turara aka loda a mota. Ka ninka Baba sau dubbai, ka haɗa da matan da suka koma itace a gidaje, zaka ga ƙasar da ta yi alƙawarin rage hayaƙi tana tura mutanenta su cinye dajin da ya kamata ya shanye hayaƙin, a daidai lokacin da ake kashe kuɗi ana dasa itatuwa a jihohi 11 na bakin hamada. Tsarin sauya makamashi da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Osinbajo, ya ƙaddamar a Agustan 2022 da kansa ya sa girki mai tsafta cikin manyan ginshiƙansa, ya ce ana buƙatar ƙarin kusan dala biliyan 10 duk shekara. Ɗan majalisar da ya damu da wannan tsari da farashin tukunyar gas zai fara, kafin ya hau jirgi zuwa taro.

Maganar taro kuwa, a COP28 na Dubai a 2023 sunayen 'yan Najeriya 1,411 aka gani a jerin mahalarta, gwamnati ta ce 422 ta ɗauki nauyinsu. Ko 422 ɗin ne ai sun isa a samu mai acaɓa ɗaya ko mai gawayi ɗaya a ciki.

Abinda yasa nake jin tsoro shine mun riga mun ga yadda ake kawo canji a garin nan. Hana acaɓa ba don yanayi akayi shi ba, hatsari da tsaro aka ambata, kuma akwai gaskiya a ciki, duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin masu karaya a asibiti ya sani. Amma dubi yadda akayi, a Fabrairun 2020 aka fara, a Yunin 2022 aka hana gaba ɗaya a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Mainland da Island, a Satumba aka ƙara Kosofe da Mushin da Somolu da Oshodi-Isolo, aka riƙa kwashe babura ana niƙe su a gaban kyamara. Na san yaron da ya ɗauki babur bashi yana biya duk sati, saura kaɗan ya gama aka kama, ya ci gaba da biyan kuɗin ƙarfen da aka riga aka murƙushe, yau yana tura baro. Ba wanda ya tambaye shi me zai koma yi. Masu kurar shara haka aka hana su a 2018. Robar zuba abinci ta kumfa a Janairun 2024 aka hana ta, kuma na yarda da hanin don ita ke toshe kwalbatoci, amma mai sayar da shinkafa da wake a bakin titi da sanarwa kawai ta tashi. To gobe in aka ce saboda 2060 tsofaffin danfo da keke da tirelolin dizal su bar titi, haka za'ayi? Direban tirelar da ke shigo da shanu Oko-Oba ko albasa Mile 12 bashi da kuɗin sabuwar mota, ko juya keke zuwa gas ɗin CNG, wanda motoci ke sha maimakon fetur, da ake ta talla sai mutum ya samu kuɗin juyawa ya kuma samu gidan gas ɗin da bazai kwana a layi ba.

Ga kuma 'yan jari-bola. Ka je bolar Olusosun a Ojota ka ga waɗanda ke tsintar roba da gwangwani da ƙarfe cikin rana da wari, yawancinsu yaranmu ne, ba safar hannu ba takalmin kirki. Aikin da ake yabon kamfanoni a kansa a ɗakunan taro, wato sake sarrafa shara, su ke yinsa da hannunsu tun kafin a fara maganar, amma in an tashi tsara sabon tsari su ake fara kora a ce ɓarayi ne. Akwai ɓata-gari a cikinsu ba musu, masu cire murfin kwalbati da wayar wuta, a hukunta su. Sauran fa? A yi musu rajista a basu kati a saye kayansu da farashi sananne, wannan a doka ake rubuta shi, kuma majalisar jiha da ke Alausa mai mambobi 40 zata iya.

Wasu ƙasashen sun gane cewa canjin nan sayensa akeyi. Jamus da ta yi dokar daina ƙona kwal a 2020, ta sa 2038 a matsayin wa'adi, a tare ta ware har yuro biliyan 40 don yankunan da ke cin abinci da kwal ɗin, majalisa ɗaya ta amince da hanin da kuma kuɗin a rana ɗaya. Faransa kuwa da ta ƙara harajin mai a 2018 da sunan yanayi ba tare da duba mutanen karkara masu dogaro da mota ba, masu zanga-zanga sanye da rawayar riga suka fito titi sai da gwamnati ta janye ƙarin. Mu bamu da biliyoyin Jamus, na sani. Amma ƙa'idar bata buƙatar arziki: duk ƙudurin da zai hana wata sana'a ko ya ƙara kuɗin wani makamashi, a cikinsa a rubuta su waye zasu rasa abinci, mutum nawa ne, me za'a basu, daga wane asusu, kuma hanin kar ya fara aiki sai madadin ya iso. Jirgin ƙasa na lantarki daga Marina zuwa Mile 2 da ya fara aiki a Satumban 2023 irin abinda nake nufi ne, an kawo abu mai kyau mutane da kansu suka bar go-sulo suka hau, ba sai an kore su da kulki ba.

Na san 'yan'uwa masu cewa mu bar wannan magana gaba ɗaya, duk Afirka hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba, waɗanda suka ƙona kwal shekara ɗari biyu suka yi arziki su zasu ce mana kar mu taɓa man Kolmani da aka fara haƙowa tsakanin Bauchi da Gombe a 2022? Ina jin zafin nan nima. Ƙasashe masu arziki tun 2009 sunyi alƙawarin ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara basu cika a kan lokaci ba, a taron Baku a 2024 suka ce biliyan 300 nan da 2035, kuma kaso mai yawa na irin kuɗin nan bashi ne ba kyauta ba. Dole wakilanmu su riƙa faɗa musu wannan ido da ido. Amma adalcin da muke nema a wajen Turawa shi talakan Najeriya yake nema a wajen Abuja. Tun 1984 doka ta hana ƙona iskar gas a rijiyoyin mai sai da izini na musamman, har yau wutar tana ci dare da rana a kan mutanen Neja Delta, gas ɗin da Baba mai shayi ya kasa saya ana ƙona shi a banza. Wannan ba Bature bane zai gyara mana, aikin kwamitocin majalisa ne da suke da ikon kiran kowa su titsiye shi.

Mu Hausawan Legas kuma namu ya fi na kowa wuya, don mun faɗa tsakanin wakilai biyu. Da yawanmu katin zaɓenmu na gida ne, ɗan majalisar Agege ko Kosofe ko Mushin ya san ba ƙuri'armu ta kai shi ba, na gida kuma baya ganinmu sai ana saura sati zaɓe a turo mota. Shi yasa idan ana zaman sauraron ra'ayin jama'a a kan dokar wuta ko ta sufuri ko ta shara ba ka ganin kowa namu, alhali tun gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 jihohi sun samu ikon tsara wutarsu, Legas ma ta yi nata dokar a ƙarshen 2024, ma'ana kuɗin wutar da mai injin markaɗe da mai sayar da ƙanƙara zasu biya a nan kusa za'a riƙa yanke shi. Ina roƙon iyayenmu sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, Allah ya ƙara muku lafiya, ziyarar gaisuwa da ɗaukar hoto bata isa ba, muna da lauyoyi da 'yan jarida da malamai a cikinmu, a riƙa tura su da takarda a rubuce, a kuma matsa wa wanda ya zauna a nan shekara da shekaru ya dawo da katinsa nan.

Kuma akwai gwaji a gabanmu. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 tana ɗauke da ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan fetur da dizal, an cire kananzir da gas ɗin girki da CNG, wannan cirewar na yaba. Da hayaniya ta tashi gwamnati ta ce ba yanzu zai fara ba, sai ranar da ministan kuɗi ya fitar da umarni, wasu jami'ai kuma suka ce ai tun 2007 yake a dokar hukumar gyaran tituna. To ko ma tun yaushe yake, abu ne da zai taɓa kuɗin motar kowane kwandon tumatir da kowace saniya daga Arewa zuwa nan, bai kamata ranar farawarsa ta rataya a alƙalamin mutum ɗaya ba. A dawo da shi zauren majalisa, a faɗi inda kowace naira zata tafi, titi ne ko motocin haya ne ko sauƙaƙa tukunyar gas, sannan a kira sunaye ɗaya bayan ɗaya kamar yadda akayi a Yulin 2021, mai e ya miƙe ya faɗa, mai a'a ya miƙe ya faɗa, a buga jerin a jarida kafin su zo neman ƙuri'armu a 2027.